Yini a Wadi Fatima

A lokacin da abin ya faru, ruwan sha a garwa ake sayensa a unguwar Ammariyya da ke Jidda, yaran gidajen nan kuwa ba su san wani ruwa mai tafiya ba in ba teku ba. Turai na zaune a gidan surukarta Inna Saudatu, tare da mijinta Usuman da ƙanwarsa Zakiya. Su duk 'yan Jidda ne, Inna ce kaɗai aka zo da ita tana budurwa. Turai daga Mai Wurno ta fito, can Sudan, bakin kogi. Ta zo aikin hajji da kawunta, aka yi auren, ta zauna. Har ta haifi biyu takardar zamanta, iƙama, ba ta fito ba. Kullum sai a ce ana nan ana nema.

'Yarta ta fari Mastura ce, ta kai shekara biyar ko ta ɗan ɗara. Turai ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba. Haka ta taso ta ga ana yi a gidansu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa gaban mutane, ba a tambayar inda ya shiga, balle gaban surukai. Tun da aka yaye yarinyar ta koma ɗakin Inna. Inna take ɗauka uwa, Turai kuwa Yaya take ce mata. In Turai ta kankare ƙanzon shinkafa sai ta tura shi gefen murhu ta kau da kai, yarinyar ta san nata ne, ta zo ta ɗauka ba magana. Zakiya dariya take yi wa wannan hali, ta ce 'yan Jidda sun daɗe da barinsa. Inna kuwa da shi take alfahari a gidajen suna, ta ce ita dai ta dace da suruka 'yar gidan mutunci.

Wata Juma'a bayan ƙaramar salla, Usuman ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya ara masa lorin da yake tuƙawa. Gida huɗu ko biyar suka haɗu za su je Wadi Fatima yini. Aka loda tabarmi da tukwane da kankana da itace, da ɗan akuya ɗaure a kusurwa yana kuka. Mata da yara a baya, maza wasu a gaba wasu a kan rufi. Aka bi hanyar Makka, daga bisani aka saki kwalta aka shiga turɓaya. Mastura na kan cinyar Inna tana tambayar ko ruwan da za su gani na wane ne, wa ke sayar da shi.

Wurin da suka sauka gonar dabino ce ta wani tsoho Balarabe da yake barin mutanen birni su yini in sun yi masa alheri. Inuwa ko'ina, ga lemun tsami, ga ayaba, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da Turai ta daɗe ba ta shaƙa ba. Ta tsakiyar gonar wata magudanar ruwa ta ratsa, ginin dutse na tun kaka da kakanni, mutanen wurin suna ce mata aini. Faɗinta babba zai tsallake da taku ɗaya, zurfinta zuwa ƙugu. Tana tafe a buɗe cikin itatuwa, sai a ƙarshen gonar ta shige ƙarƙashin ƙasa ta wani baki mai duhu. Daga nan ba a ƙara ganinta, sai ta wasu ramuka masu kama da rijiyoyi da aka jera a fili har ƙauye na gaba.

Yara suka zube bakin ruwa kamar sun ga aljanna. Manyan ma ba su bar musu ba, har da masu furfura suna tsoma ƙafa suna dariya. Turai ta tsaya da goyon ƙaramar 'yarta Madina, ta kalli ruwan. Ita ta san ruwa. Ta ga yadda yake kwance lumui a sama, ta kuma ga yadda ganye ke ƙara gudu in ya kusa bakin nan mai duhu, ga gansakuka shimfiɗe a kan duwatsun gefe. Ta matsa kusa da Zakiya ta ce mata a hankali ya kamata a sa ido kan yaran nan, wurin da santsi.

Zakiya ta ce, "Yaran nan ko yarinyar nan, matar yaya? Faɗi sunan in ji, in ba ki gyalena."

Turai ta sunkuyar da kai ta wuce wurin tukwane.

Aka ɗaura zannuwa tsakanin lori da dabino biyu, mata suka zauna a bayansu. Maza suka ɗauki tabarminsu suka yi can nesa, kusa da ƙarshen gonar, inda fili yake. Aka yanka akuya. Turai aka bar wa babbar tukunyar shinkafa, don kowa ya san hannunta. Ba a jima ba ganga ta tashi wajen maza, sun fara wasan sanduna da ake kira mizmar, ana tafi ana waƙa.

Mastura ce kaɗai take shiga ko'ina, don ba ta kai a hana ta wurin maza ba. Ta zo ta faɗa jikin Inna da jiƙaƙƙiyar riga, ta koma, ta sake dawowa ta ce babanta ya yi rawa sandarsa ta faɗi. Da rana ta take, Inna ta yanka kankana ta cika wani faranti mai zanen furanni, ta ɗora mata a ka.

"Yalla, yi maza, ƙawata, kai wa babanki. Kada ki cinye a hanya, na san halinki."

Yarinyar ta wuce ta gaban murhu, hannu biyu riƙe da faranti. Ta ce, "Yaya, kin ga ban zubar ba." Turai ba ta amsa ba, akwai mutane. Ta dai bi ta da ido ta ƙasan zane har ƙafafunta suka ɓace.

Ta zuba shinkafa cikin romo, ta rage wuta, ta zauna ta ba Madina nono. Yara suka yi ta shigowa suna fita. Duk wanda ya ɗaga zane sai ta ɗaga kai. Ta gaya wa ranta yarinyar na kan cinyar ubanta, ai kullum haka take yi. Ruwan shinkafa ya tsotse. Inuwar lori ta gusa har sai da aka ja tabarma. Yarinyar ba ta dawo ba.

Ta dubi Inna. Inna na kishingiɗe tsakanin wasu tsofaffi biyu, ana ba da labarin zuwansu da ƙafa tun daga gida. Turai ta juya maganar a bakinta ta kowace fuska, ta rasa ta inda za ta fito ba tare da ta zama uwar da ke cigiyar 'yar fari gaban surukarta da baƙi ba. Daga ƙarshe ta durƙusa ta ce, "Inna, farantin kankanar nan bai dawo ba."

Inna ta ce faranti ai ga su nan tuli, ta ɗauki wani.

Ɗaya daga cikin tsofaffin, wata mai suna Sharifa, ta kashe ido ta ce, "Farantin ake nema ko mai ɗauke da shi?"

Wurin ya ɗauki dariya. Inna ta ce su bar mata suruka, ba irin waɗannan ba ce, ko da wasa ba ta taɓa jin ta tambayi yarinyar ba. Tana faɗa tana murmushi. Turai ta koma bakin murhu. Yanzu kam ƙofar ta rufu mata gaba ɗaya.

Ta nemi Zakiya da ido, Zakiya ta tafi yawo cikin ayaba da 'yan mata. Ta ɗauki bokiti ta ce za ta ɗebo ruwa, aka ce ga ruwa nan cike a tulu, ta tsaya ta kwashe abinci kada ya kama. Ta leƙa ta gefen zane. Daga nan ba a hango komai sai kututturan dabino da ƙurar masu rawa. Mace ba ta ratsawa ta je can. Ganga kuwa ba ta tsaya ba, ko ihu mutum ya yi ba mai ji.

Ta kwashe shinkafa a manyan tire, cikin sauri har nama ya zame mata ƙasa. Wasu 'yan mata biyu suka ɗauki na maza suka kai bakin fili suka dawo. Babbar ta tsaya gaban Inna ta ce Baba Usuman ya ce a turo masa Mastura ta ci tare da shi, tun safe da ta je kallon rawa bai sake ganinta ba.

Inna ta tashi zaune. Ta ce kankanar fa? Yarinyar ta ce ita ba ta ga kankana a wurinsu ba.

Abin da ya biyo baya Turai ba ta iya jera shi daidai har ta tsufa. Ta san zanen da aka ɗaura ya faɗi, ba wanda ya kula. Ta san ganga ta mutu. Maza da mata suka cakuɗe cikin gona, kowa na kiran sunan, wasu da Hausa wasu da Larabci. Aka duba cikin ayaba, aka duba ƙarƙashin lori. Wani ya ga farantin a bakin magudana, dab da inda ruwa ke shigewa ƙasa, an ajiye shi a kan dutse, kankanar na nan ba a taɓa ba sai yanki ɗaya. Ga gansakuka a gefe an murje ta da sawun ƙaramar ƙafa.

Tsohon mai gona ya zo da igiya. Ya dubi bakin ramin ya girgiza kai. Usuman ya tuɓe riga ya shiga, a nan bakin ramin ruwan ya kai masa ƙirji, ya sunkuya ya kutsa har suka daina ganinsa, aka jawo shi da igiya yana tari. Hanyar ta yi masa ƙunci. Maza suka ruga zuwa ramukan da ke fili, suna leƙa ɗaya bayan ɗaya, suna zura mai ƙaramin jiki.

Inna ta zube a ƙasa tana kuka tana kiran ƙawarta, mata suka rufu a kanta. Ita ce mai 'ya a idon kowa. Wata ta miƙo wa Turai Madina ta ce ta riƙe, wata ta ce ta kawo wa Inna ruwa. Ta kawo. Ta tsaya a bayan mutane da goyo a hannu tana kallon ruwan yana shiga bakin nan kamar yadda yake shiga tun safe.

Da la'asar ta yi sanyi mai gona ya ce dole a sanar da hukuma, ya aiki ɗansa. Nan maza suka koma gefe suka yi shawara. Cikin matan akwai waɗanda ba su da iƙama, in askar, 'yan sandan ƙasar, suka zo za a tambayi takardun kowa. Aka yanke a kwashe mata da yara a mai da su Jidda yanzu, wani maƙwabci ya tuƙa. Usuman ya zo, jikinsa duk taɓo, bai dubi fuskarta ba.

Ya ce, "Ki hau mota."

"Malam, a bar ni a nan. Ko bayan itace ne sai in ɓuya."

"In suka kama ki, jirgi za su sa ki. Madina fa? Halas, magana ta ƙare, ki hau."

Zakiya ta kama hannunta, ta ɗora ta. Lorin ya juya. Turai na zaune kan buhun itace, fuskarta na kallon baya. Ta ga maza tsaye a fili a kan ɗaya daga cikin ramukan, sun yi ƙanana, sannan dabino ya rufe su. Tukwane na ta karo da juna a motar, rabin shinkafar na ciki.

Washegari bayan azahar Usuman ya shigo gida. Ya wuce ɗakin Inna ya durƙusa, can ya faɗa. Turai na tsakar gida tana jin muryarsa ta taga. An sami gawar yarinyar da hantsi a ƙauye na gaba, inda magudanar ke fitowa fili, jikin wani ƙarfe da aka gitta don tare shara. Hukuma ta ba da izini, an yi mata sutura a maƙabartar ƙauyen. Gida ya cika da masu gaisuwa. Ɗakin Inna suke shiga, in sun fito su ce wa Turai ya haƙuri, ta ce da godiya.

Sai da mutane suka ragu ta sami Usuman shi kaɗai a zaure, yana zaune ya zuba wa ƙafafunsa ido. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta tambaye shi wa ya yi wa yarinyar wanka. Ya ce wata tsohuwa ce a ƙauyen, bai san sunanta ba. Ya ƙara da cewa tsohuwar ta tambayi ina uwar, ya ce tana Jidda. Tsohuwar ta ce a gaya wa uwar fuskar ba ta ji ciwo ba.

Turai ta gyaɗa kai. Tana so ta tambayi ko akwai inuwa a wurin, ko an sa wata alama, sai aka yi sallama a waje, wasu baƙin sun iso daga unguwar Bagdadiyya. Ta tashi ta ja mayafinta, ta koma ciki ta ɗora musu shayi.