Hannun Sarkin Ƙuda

Kwalbar ta suɓuce daga hannun Sarkin Ƙuda ta tarwatse a ƙasa, ƙananan ƙudajen da ke ciki suka kama gabansu. Ba ƙudajen bola ba ne. A ɗakin binciken nan aka sauya musu ƙwayoyin halitta don su kamu da ciwon ƙwaƙwalwa mai sa makyarkyata, irin na mutane, ana ba su magunguna a ga wanda zai sa su iya hawa bangon kwalba. Kuma 'yan wannan kwalbar ne kaɗai suka fara hawa.

Ya waiga, babu kowa. Ya share gilashin, ya cusa hannun dama a aljihun farar rigarsa. Tun bara hannun yake rawa, ko matarsa bai gaya wa ba. Mutumin da ya samo laƙabinsa wajen ware macen ƙuda da namiji da bakin buroshi, ina zai kai wannan magana?

Da Farfesa, shugabar ɗakin, ta shigo ta ga gurbin kwalbar, sai ta juya kan sabuwar ma'aikaciya, wadda ta jera kwalaben da safe.

"Ina ta tsakiya?"

"Wallahi, ranki ya daɗe, lafiya lau na ajiye ta."

"To ƙafa ta yi? In aikin ya fi ƙarfinki, masu nema suna nan jibge."

Idon baiwar Allah ya ciko. Sarkin Ƙuda ya sunkuyar da kai kan buroshinsa. Kunya ta lulluɓe shi har ya ji ya tsani kansa: da furfurarsa da komai, ya bar sa'ar 'yarsa tana shan faɗan ɓarnar da ya yi. Amma bakin ya ƙi buɗuwa.

Farfesa ta ɗauko wata kwalba ta miƙo masa. "Baba, don Allah nuna mata yadda ake riƙo. Ai hannunka ko likitan tiyata sai ya sara masa."

Zai iya karɓa da hagu, ya saki barkwanci a wuce wurin, ya sha yin haka. Sai ya zaro na daman ya karɓa. Kwalbar ta shiga kaɗawa, ƙudajen ciki suna ta zubowa gindinta. Kowa ya zuba wa hannun ido.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "karɓe ta kafin in fasa ta biyu."