Tukwanen Bayan Rumbu

Ni Yazidu, a Dakoro kowa ya san ni da kayan hannu. Zoben azurfa na maƙeran Buzaye, akushi da cokulan icce, tukwane masu zane, in ɗauki hoto da salula in aika wa masu otel a Maradi da Yamai. Ina taƙama da idona, wai na san abin da zai shiga.

Innata Uwale maginiyar tukwane ce, amma ta daɗe da bari, hannu ya ƙi. Da damina na je gidanta ina neman tsohuwar galma, sai na tarar da manyan tukwane biyar a kife bayan rumbu, an lulluɓe su da zana. Kai! Ban taɓa ganin gini irin wannan ba, baki a daidai, ciki sumul, ka ƙwanƙwasa ka ji amo. Na ce wannan asara har ina? Inna na kwance a ɗaka, ban ko tambaye ta ba, kayan uwa ai na ɗa ne. Na kwashe, na huhhuda su da ƙusa, na yi musu zanen taurari, na sa ampul, ƙwan lantarki, a ciki. Wani otel a Maradi ya karɓe duka biyar, har da kirari aka yi mini.

Ranar Talata da hantsi Inna ta cika. Ana wanka, masu haƙa kabari sun aiko an kusa, sai ƙanwarta Dela ta leƙo ta ce, "Yazidu, tahi bayan rumbu ka ɗauko tukwanen, a hwasa su."

Na ce, "Waɗanne tukwane, Inna Dela?"

"Na rufin kabarinta mana. Ba ta gaya maka ba?"

Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa. Da bakina na faɗi abin da na yi, gaban mata cike da gida. Dela ta riƙe haɓa tana kallona, ta ma kasa zagi, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Shekara bakwai ke nan. Ran da ta ji hannunta ya soma rawa ta gina su, ta ce ita da ta gina wa rabin garin nan, ba za a rufe ta da na wani ba. Daga su ba ta sake taɓa yumɓu ba."

Na ce zan tari mota yanzu yanzu. Kawu Halidu ya ce, "Maradi? Gawa ba ta jira, ɗana." Aka aika kasuwa aka sayo wasu, masu kauri, bakinsu a karkace. Ni aka miƙa wa na jera su a kanta.

Muna dawowa daga maƙabarta salula ta yi ƙara a aljihuna. Mai otel ne ya turo hoton tukwanen suna haske a bakin ƙofarsa. Ya ce baƙi sun yaba ƙwarai, a gaya wa tsohuwa ta gina masa goma.