Hujin Kafet a Motar Baba

Tun da Baba ya rasu Mama ba ta sake leƙa ƙofar gida ba. Da farko mun ce makoki ne, a ƙyale ta. Makoki ya wuce, masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, shekara ta zagayo, ita kuwa daga ɗakinta sai kicin, daga kicin sai kujerar bakin taga. Matar da a da kafin shayinka ya huce ta ba ka labarin unguwa kaf, ta koma "to" da "a'a". Likita ya duba ta ya ce jikinta ƙalau, iska da mutane kawai take bukata. Na ce masa in ya san yadda ake ba mutum iska a cokali ya rubuta mana. Ni dai tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Na rasa uba, ga uwa tana narkewa a gabana.

Tagar da take zama tana kallon rumfar mota ne, kuma a rumfar akwai motar Baba. Tsohuwa ce, ta girme ni, ruwan madara, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu. Yayana, wanda kowa ke kira Dogo, mai walda ne, shi yake zuwa yana tada ta lokaci-lokaci don kada injin ya kwanta. Inji kam lafiya lau. Cikin ne abin tausayi: kujeru sun dare, soso yana leƙowa, yadin rufi ya saki yana shafar kan mutum, ga warin tsohon kafet da ya sha damina. Na lura idon Mama kullum a kan motar yake.

"Yaya, mu gyara cikin motar nan," na ce masa. "In ta koma yadda take, mu ɗauki Mama mu zaga da ita."

"Ke da ɗinkin labule, ina ke ina kujerar mota?"

"Kujera kujera ce. Kai dai ka riƙe sifana."

Ni tela ce, labule da rigunan kujeru nake ɗinkawa, kuma ba na son a raina mini keken ɗinki. Washegari na kwaso almakashi da alli da gam na yi sansani a rumfar.

Sai dai da na fara taɓa sitiyarin, na tsaya ina kallon kujerar direba. Baba bai taɓa barin kowa ya zauna a wannan kujera ba. Yaya ya iya tuƙi tun yana saurayi, amma iyakarsa wanke taya. Ni da na roƙa ya koya mini, cewa ya yi buroshin haƙorinsa ma zai iya ba ni aro kafin ya ba ni motarsa, sai a waje na koya. Ko bakanike in ya zo gyara, Baba ne ke taka masa totur.

Muka kwance kujerun muka fito da su tsakar gida. Aikin yana son haƙuri, abin da ba ni da shi da yawa. Ba a yage tsohuwar riga, bin ɗinkin ake yi ana warwarewa zare-zare, don kowane ƙyalle shi zai zama ma'aunin sabo. Sai in shimfiɗa shi a kan sabuwar leda, in zagaye da alli, in bar wurin ɗinki, in yanka. Tsohon soson yana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi. A ƙarƙashin kujerar baya na tsinci takalmina ƙafa ɗaya na lokacin yarinta, wanda na sha faɗa a kan ɓatansa. Na kuma tsinci wani ɗan matashi, shafaffe, ya yi baƙi da datti. Na jefa shi kan tulin shara.

Yaya kuma yana fama da ƙarfen da kujerar direba ke zamewa gaba da baya a kansa. Tsatsa ta kama shi, ƙaramin sifirin da ke riƙe da shi ya karye.

"Wannan ɓata lokaci ne," in ji shi. "Kujerar Baba kullum a can ƙarshen baya take. In ɗana mata walda a nan ta zauna inda ya bar ta."

Na ce ya yi. Har daɗi abin ya yi mini, wai kujerar za ta tsaya a kan tsayin Baba har abada. Ya jawo injinsa, tartsatsi ya tashi, magana ta ƙare.

Da muka ɗaga kafet ɗin ne na ga abin da ya hana ni sakat. Na shimfiɗa shi a rana zan zana sabo. Gefen direba ya cinye a inda dunduniya ke zama, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma a gefen fasinja, can gaba inda ƙasan motar ke hawa zuwa wajen inji, akwai huji mai faɗin tafin hannu. Ya ratsa kafet, ya ratsa abin da ke ƙarƙashinsa. Na leƙa cikin motar, sai ga ƙarfen wurin yana sheƙi kamar an goge tukunya.

"Ɓera ne," in ji Yaya.

"Ɓeran gidanku yana goge ƙarfe?"

"To ruwa ne ke ɗiga."

"Da ruwa ne da tsatsa za ka gani."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma aikinsa. Ni kuwa abu in ya shige mini kai, ko abinci ba ya mini daɗi. Na sa shi ya mayar da kujerar fasinja wurinta, na maida kafet ɗin, na zauna na miƙe ƙafa. Ko kusa ban kai ba, sai da na zame har bayana ya bar kujera. Tsayina ɗaya da Mama, dukanmu gajeru ne, kuma wannan kujera tata ce tun ina goye.

"Zo ka zauna."

Ya zauna yana gunaguni. Ya miƙe ƙafar dama, ta faɗa cikin hujin daidai, kamar an auna.

Muka kalli juna. Sai na tuna yadda yake yi duk ranar da na ɗauke shi a 'yar motata. Ina doso mahaɗar hanya zai fara danna ƙasa da ƙafa, yana neman birkin da babu shi.

"Yaya, birki ne. Wani dogo ya shekara da shekaru a nan yana taka birki."

"Baba? A kujerar fasinja? A motarsa?" Ya yi dariya. "To wa ke tuƙin, aljani?"

Na je na durƙusa gaban ƙarfen da ya yi wa walda. Yana da haƙora a jere inda kujera ke tsayawa. Na tsakiya duk kaifinsu na nan, ba a taɓa amfani da su ba. Biyu ne suka suɗe: na can baya, da na can gaba. Na koma kan kafet ɗin gefen direba na duba da kyau, ashe sawun dunduniya biyu ne, babba da ƙarami. Daga nan na ruga wajen tulin shara na tono ɗan matashin nan, na juya bakinsa. Ɗinkin hannu ne, ƙanana, kowane na huɗu an maimaita shi. A duniya mutum ɗaya na sani mai wannan ɗinki, ita ta koya mini riƙon allura.

Na yanko wurin hujin na shiga da shi ɗaki. Mama tana bakin taga. Na ɗora mata a cinya. Ta dube shi, ta zura yatsa a ciki, ta zagaya bakinsa a hankali. Gefen bakinta ya motsa, abin da na daɗe ban gani ba.

"Auta," ta ce, "kujerar tana zamewa har yanzu?"

"Yaya ya yi mata walda. A baya, inda Baba yake zama."

Ta zare yatsanta. Ta miƙo mini kafet ɗin. "To," ta ce, ta mayar da fuskarta taga.

Wannan "to" ɗin ya ƙona mini rai. Na fito na sauke wa Yaya kwandon masifa, na ce shi komai walda, da za a ba shi dama ƙofar ɗaki ma sai ya liƙe ta. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Wa ya ce in yi?" Na ce ba wannan ake tambaya ba. Sai ya ɗauko injin yankan ƙarfe. Ya wuni yana cire waldar a hankali don kada ya ci haƙoran, ya kankare tsatsar, ya lanƙwasa sabon sifirin da hannunsa, ya cika wurin da giris. Da yamma ya taɓa kujerar da yatsa ɗaya ta tafi gaba sumul.

Sauran aikin ya ɗauke mu makonni. Na yanka sabon soso, na ja leda a kai tana zafi da rana don ta miƙe ba tare da tattara ba. Yadin rufi ya ba ni wuya, gam ya liƙe mini gashi har sau biyu. Na shimfiɗa sabon kafet, sannan na ɗauko tsohon guntun mai huji, na yi masa baki da zare, na ɗinke shi a wurinsa a kan sabon.

"Kin ɓata aiki," in ji Yaya. "Mota fes, sai wannan tsumma?"

"Tsumman ubanka ne, ka yi masa ladabi."

Ɗan matashin kuwa wanke shi kawai na yi, ban taɓa ɗinkinsa ba.

Ranar da muka gama, ba mu kira Mama ba. Na zame kujerar direba har haƙorin gaba, na ɗora matashin, na bar ƙofa a buɗe da makulli a jiki. Muka zauna a kan bokitai muna yi kamar muna tattara kaya. Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe rumfar, har Yaya ya fara kallon agogo. Sai muka ji ƙarar takalmi.

Ta fito da mayafinta, tana ƙifta ido saboda haske. Ta zagaya motar, ta wuce ƙofar fasinja ko kallonta ba ta yi ba. Ta zauna a kan matashin, ta kai hannu ƙarƙashin kujera ta ɗan girgiza ta, ta ji ta kama. Ta gyara madubi ba tare da ta nema ba.

"Ubanku dundumi gare shi," ta ce, idonta a kan gilashi. "Rana na faɗuwa ba ya ganin ko hannunsa. Ya ce in kowa ya sani za a ce ya ajiye mota, shi kuma gara a ce ya ajiye ƙafa."

"Amma ai shi yake shigowa da ku gida, Mama," in ji Yaya. "Duk fitar da kuke yi ta yamma, ni nake buɗe ƙofa."

"A kwanar kantin can muke canjawa. Daga nan da baki nake tuƙa shi: hagu kaɗan, miƙe, tsaya." Ta nuna ginshiƙin ƙofar gida, inda siminti ya ɓare tun muna yara. "Wannan ranar mun yi faɗa ne, na yi shiru."

Yaya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni dariyar da hawaye suka haɗe mini.

"Shi ya koya miki?" na tambaye ta.

"Ya koya mini, kuma bai taɓa yarda na iya ba. Tun daga inda muka tashi har kwanar nan ƙafarsa na ƙasa yana dannawa. In ce masa, Malam, za ka huda motar. Ya ce shi bai taka komai ba." Ta shafa sitiyarin. "Da ya tafi, sai na ga ba wanda ya san na iya zuwa ko'ina."

Ta murɗa makulli. Injin ya kama.

"Dogo, buɗe ƙofa. Auta, shigo."

Na zauna a gefenta. Ta sa giya, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ta yi tsaki, ta sake tadawa, wannan karon muka fita lafiya, muka wuce ginshiƙin da tazarar yatsa. Mai kantin kwana ya miƙe tsaye baki buɗe. Mama ta ɗaga masa hannu kamar jiya suka rabu, ta ƙara wuta. Ashe Mama gudu take yi. Mahaɗar hanya ta taso mana, ga mai keke yana tsallakawa, ban san lokacin da na zame a kujera ba, ƙafata tana dukan iska.

Ta rage gudu a natse, mai keke ya wuce. Ta saci kallon ƙafata, sannan ta kalli hujin da ban kai ba.

"Jawo kujerarki gaba," ta ce. "In za ki taka, ki taka a wurinsa. Ban iya tuƙi ba sai ana taka mini."

Na jawo kujerar, na sa ƙafata a cikin hujin, muka miƙe hanya.