Inci Huɗu a Ƙugun Yaya

Karo na uku ke nan cikin wata biyar Yaya yana kawo wa ƙaninsa Tela wanduna a rage musu ƙugu. Tela ya zagaya masa tef, ya duba, ya sake dubawa. Talatin da biyu. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa sauka daga talatin da takwas ba, har ana tsokanarsa wai shi ke cinye rabon ƙannensa.

Tela gwani ne, kuma gwanintar ce ta cuce su. In ya rage wando, ko matar mai wandon ba za ta gane an taɓa shi ba. Haka Yaya ya yi ta zubewa a cikin kayan da suka zauna masa daidai, kowa na ganinsa tsaf.

"Yaya, me ke cin ka haka?"

"Sukarin nan ne. Rage kawai."

"Kana shan maganin?"

Yaya ya zuba wa ƙyallayen da ke ƙasa ido. "Ina mantawa. Kai, ba mantuwa ba ce ma. In na ɗauko kwalbar sai in ce, don me? Rabona da garejina mako uku. Abinci kuwa kamar takarda nake taunawa."

Kunya ta kama Tela, don shi ya fara ganin ramar nan, shi kuma ya ɓoye ta da zare da allura. Ya ajiye almakashi.

"Ba zan rage ba. Tashi mu je asibiti."

Ya rufe shago da rana tsaka, rigar wani na kan keken ɗinki, hannu ɗaya ba a haɗa ba.

Likita ta auna sukari, ta same shi a sama. Ba ta tsaya nan ba, ta yi ta tambaya kan barci da abinci da abin da yake saƙawa in yana shi kaɗai.

"Ciwo biyu ne, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa," in ji ta. "Ciwon damuwa ya hana ka shan magani, sukari ya hau, jiki ya mutu, damuwar ta ƙaru."

"Ni ba mahaukaci ba ne, Likita."

"Ban ce ba, Baba. Ciwo ne, kuma yana da magani."

Ta rubuta ƙwaya, ta haɗa shi da mai ba da shawara duk mako, ta ce kada su sa ran ganin sauyi kafin wasu makonni. Haka kuwa aka yi. Da farko jiri ne da faɗa. Kullum da safe Tela sai ya biya gidan, ya tsaya ƙiƙam sai Yaya ya haɗiye, sannan su taka da ƙafa har gareji. Ya sha zagi, bai fasa ba.

Bayan wata huɗu Yaya ya shigo shago, hannunsa duk baƙin mai, ya jefa wando kan tebur.

"Kai, ɗinkin nan naka ya fara matse ni. Sai dai ka yi mini sabo."

Tela ya juya wandon. Inci huɗun da ya rage a baya bai yanke ko zare ɗaya ba, ninke su ya yi a ciki. Ya ɗauki reza ya warware inci ɗaya.

"Sauran ukun fa?" in ji Yaya.

Tela bai ɗago ba, don idonsa ya cika. "Suna nan, Yaya. Kai suke jira."