Murɗin Bahago

Shekara talatin da huɗu Mona ta yi tana hawa da sauka tsakanin gonar Don Evaristo Quiceno da garin Santa Brígida, kuma a duk tsawon shekarun nan hannun mutum ɗaya ne ya taɓa shiga cikin injinta. A-kori-kura ce ruwan ɗorawa, ko in ce ta taɓa zama ruwan ɗorawa, don yanzu ƙofar hagu koriya ce, murfin baya kuma katako ne. Ta ɗauki buhunan kofi da nonnan agade, ta ɗauki aladu da siminti, ta ɗauki amare biyu, ta kuma ɗauki akwatin gawar Doña Ofelia, matar Evaristo, ran da aka sauko da ita coci. Duk wanda ya san hanyar tudun nan da damina ya san ba ƙaramin abu nake faɗa ba.

Hannun kuwa na Abelardo Tangarife ne, mai garejin bayan kasuwa. Compadren Evaristo ne, don shi ya riƙe 'yarsa Nubia ran da aka yi mata baftisma, shi ya sa take ce masa padrino. Gajere ne, bahago, ga faɗa kamar an aiko shi. Ba ya tambayar mai mota abin da ke damun motarsa, wai masu mota duk maƙaryata ne. Sai dai ya ce a tayar, ya ɗauko dogon sukundirebansa, ya dafa tsinin a jikin inji, ya manna kunne a mariƙin, ya rufe ido. Kafin mutum ya gama shan kofi ya riga ya faɗi inda ciwon yake, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Abin da shi da Evaristo suka gani da motar nan ba ya ƙirguwa. Shekarar da ƙasa ta zaftaro ta binne Mona har gilashi, kowa ya ce a yi mata addu'a a haƙura. Abelardo ya hau tudu da jakarsa, ya kwana tara a gonar, ya warware injin ɗaya bayan ɗaya a kan zanen teburin Ofelia, tana masifa tana kawo musu wainar masara da zafinta. Ran da sifirin ya karye a bakin rafi da buhu goma sha biyu a baya, da icen gwaiba da waya ya ɗaure shi, ɗaurin da ya ce na kwana biyu ne, ya kuwa yi shekara shida. Waya ita ce maganinsa na komai. Murɗi uku yake yi mata, ya lanƙwasa bakin ƙasa don kada ta yanki hannun wani. In ka buɗe gaban Mona, irin ɗaurin nan sun fi ashirin, kowanne da labarinsa, kuma Evaristo ya san su duka kamar yadda ya san sunayen jikokinsa.

Bara ne abin ya fara. Mona tana tafiya lafiya a shimfiɗe, amma da ta kama hawan tudu da kaya sai ta fara tari, ta yi shiru a tsakiyar hanya. Sau uku Abelardo yana wanke kafireta. Ya canza fulogai, ya canza su kuma. Ya zagi masu sayar da mai, ya zagi gwamnati, ya zagi ƙafar Evaristo da ba ta iya taka totur ba. Motar dai tana nan yadda take.

Karo na biyar da ta mutu, Evaristo ya taka da ƙafa awa biyu cikin ruwan sama, shi da shekara saba'in da uku, ya kwanta mura mako guda. Labari ya kai wa Nubia a birni, inda take aikin jinya. Ranar Lahadi sai ga ta.

"Papá, ni ba faɗa na zo yi ba," in ji ta, alhali faɗan ta zo yi. "Girbi saura mako uku. In motar nan ta sake ajiye ka a hanya ko sau ɗaya, sayar da ita zan yi wa masu gwangwan, ka tattara ka dawo wurina. Na gaji da kwana da waya a hannu."

"Padrinonki yana dubawa."

"Padrino ba ya ji, Papá. Kowa ya sani. Kai ma ka sani."

Ya sani mana. Ya daɗe da lura cewa Abelardo bakin mutum yake kallo in ana magana, kuma ƙararrawar coci takan buga goma sha biyu yana ta aiki bai ɗago ba, shi da a da ko cokali ya faɗi a gidan maƙwabta sai ya ce na shayi ne. Direbobin gari sun janye ɗaya bayan ɗaya ba tare da wanda ya faɗa masa dalili ba. Mu mutanen tudu haka muke, mun gwammace mu bar mutum ya bushe a tsaye da mu gaya masa gaskiyar da za ta ɓata mana gaisuwa. Motar da ta rage tana shiga garejin nan kowace Asabar ita ce Mona.

Evaristo ya gwada sau ɗaya, tsakaninsa da Allah. Ya daɗe yana jin wani siririn fito daga cikin injin, kamar na buta kafin ta tafasa.

"Compadre, fito take yi," ya ce.

"Me?"

"Fito! Daga can ƙasa!"

Abelardo ya dafa sukundireba, ya manna kunne, ya rufe ido ya daɗe. Ya ɗago ya harare shi. "Kanka ne ke fito, tsoho. Ka rage shan kofi. Mai ne ba shi da kyau, na gaya maka."

Tun ranar da Nubia ta zo abin ya tsaya wa Evaristo a wuya. In ya bar Mona a hannun Abelardo, ta tafi, gonar ma ta tafi, shi kuma ya ƙare a bene hawa na huɗu yana leƙen motocin wasu. In ya kai ta wani wuri, ya karɓe wa amininsa abu na ƙarshe da ya rage masa. Kwana biyu yana juya maganar, yana tsinkar ciyawa a inda babu ciyawa.

Ranar Talata da sassafe ya sauka ta tsohuwar hanyar da ba ta ratsa gari, ya nufi Puerto Amalia can bakin kogi, inda zafi ke narkar da mutum kuma ba wanda ya san shi sosai. Tafe yake yana waiwaye kamar mai aure da zai je zance a ɓoye. Garejin da aka kwatanta masa na wata mata ce, Doña Marleny, ƙatuwa, da furfura a goshi da tabarau rataye a wuya. Ta ce ya tayar. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta zura hannu ƙarƙashin kafireta, ta toshe wani wuri da ɗan yatsa. Fiton ya ɗauke, kukan injin ya daidaita.

"Ga ɓarawonka, Don," ta ce. "Robar nan ce ta tsage, tana zuƙar iska. Tun yaushe kake fama?"

"Shekara."

"Shekara! A kan wannan? Ai ko jikata sai ta ji shi daga tsallaken titi." Ta saka tabarau ta leƙa sosai, sai dariyarta ta ragu. Ta bi ɗaurin wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Kai. Motar nan fa waya ce ke riƙe da ita. Amma wanda ya yi aikin nan ba ƙaramin gwani ba ne. Yana raye?"

"Yana raye," in ji Evaristo, ya kau da kai yana kallon kogi.

Ta yanko sabuwar roba, ta zura, ta matse bakinta biyu da fararen maɗaurai na leda irin na yanzu. Aikin gaba ɗaya bai kai a soya ƙwai ba. A hanyar komawa Mona ta haye tudun farko a giya ta biyu ba tari ba gardama, yadda take yi lokacin da Ofelia ke zaune a gefensa da kaza a cinya. Daɗi ya kama shi har ya buga sitiyari, sannan kunya ta biyo baya ta danne daɗin.

A gindin wata bishiyar gwaiba ya tsaya ya buɗe gaban motar. Fararen maɗauran nan suna ƙyalli kamar haƙorin roba, ko makaho zai gan su. Ya zaro wuƙa ya yanke su ya jefa cikin daji. Ya lakato baƙin mai da ƙasa ya shafe sabuwar robar har ta tsufa. Sannan ya ɗauko waya daga ƙarƙashin kujera, ya naɗa, ya yi mata murɗi uku da filaya, ya lanƙwasa bakin ƙasa. Shekara talatin da huɗu yana kallon yadda ake yi, ai ko jaki ne ya iya. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya ga babu mai bambance shi da sauran, har ya ɗan yaba wa kansa.

Asabar ta zo. Rashin zuwa gareji shi zai fi komai tona shi, don haka ya sauke agade a kasuwa, ya shiga da Mona bayan kasuwa kamar kullum. Abelardo na zaune a kan tsohuwar kujerar bas, babu mota ko ɗaya a gabansa, sai kare. Ya zuba musu kofi a ƙananan kofuna biyu.

"Yaya tsohuwar?"

"Ta warke da kanta, compadre," in ji Evaristo da ƙarfi. "Gaskiyarka ce, mai ne. Na canza gidan mai."

"Ba na gaya maka ba? Amma kai kunnen ƙashi gare ka. Buɗe in gani."

"Bar ta kawai, sha kofinka."

"Buɗe, na ce. Motarka ce ko tawa?"

Ya buɗe. Abelardo ya sunkuya da sukundireba a hannun hagu, yana 'yar waƙarsa ta cikin hanci. Can sai waƙar ta tsaya. Bai dafa sukundireban ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kafireta, ya shafa wayar da babban yatsa, ya sake shafawa. Ya murje baƙin man da ke kan robar, sabon baƙinta ya fito. Ya daɗe a sunkuye.

"Evaristo," ya ce, bai ɗago ba. Rabon da ya kira shi da sunansa tun ran jana'izar Ofelia. "Da wane hannu nake cin abinci?"

"Da hagu."

"To wannan wayar dama aka murɗa ta. Duba sauran. Duk hagu suke kallo, tun kafin a haifi jikokinka." Ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. "Kuma ka matse ta da yawa, za ta yanke robar kafin Kirsimeti. Jaki."

Evaristo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai kawo Nubia, da girbi, da ruwan saman da ya dake shi, amma compadrensa bai jira shi ba. Abelardo ya ɗauko filayarsa, ya kwance wayar, ya yanko sabuwa, ya ɗaura yadda ya kamata.

"Wa ya gano?"

"Wata mata a Puerto Amalia."

"Mace kuma! Allah ya isa." Ya nuna robar da filayar. "Fiton da ka ce ne?"

Evaristo ya gyaɗa kai.

"Ta iya aiki. Nan ne wurin. Da ni ne a da, daga bakin ƙofa zan ji shi kafin ka kashe mota." Ya goge filayar da tsumma, ya sake gogewa, alhali ba abin da ke jikinta. "Ka riƙa kai mata. Kar ka bari Nubia ta sayar, in ta sayar ni zan fara tsine mata. Amma ka gaya wa matar nan kar ta taɓa min ɗaurin lagireto, shi ba a taɓa shi."

"Compadre, ni ban so..."

"Rufe min baki. Tayar da ita."

Evaristo ya shiga ya murɗa makulli. Mona ta tashi bugu ɗaya. Ya fito ya tarar Abelardo ya ajiye sukundireban a kan kujera, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen injin, idonsa a buɗe yana kallon fankar da ke juyawa.

"Matso kusa," ya ce. "Ta wannan gefen, kunnen nan ya ɗan fi dama. Shekara biyu ke nan rabona da in ji muryarta, ƙarya kawai nake yi muku da ƙarfen can. Gaya min yadda take yi."

Evaristo ya matsa har hularsa ta taɓa kunnen amininsa. Bai san yadda ake faɗin kukan inji da baki ba. Ya kumbura kumatu, ya fara kwaikwayo da leɓɓansa, dattijo mai shekara saba'in da uku, a tsakiyar gareji da rana tsaka, hawaye na bin gemunsa.

Abelardo ya saurara da kyau, kansa a karkace.

"Ƙara ƙarfi, tsoho," ya ce. "Ina jin ka kaɗan-kaɗan."