Santsin da Ya Kwashe Zubaida

"Umma, in na gama wasan za ki rungume ni a gaban kyamara?"

Hidaya ta yi tambayar ne bakinta cike da burodi, da Hausarta ta 'yan Landan wadda ba ta san inda ake rage murya ba. Zubaida na ɗura kunun gyaɗa a fulas, sai da ya zubo mata a yatsa. Ba ta kalli yarinyar ba. Surukarta ta kalla, Hajiya, wadda ta zo daga Kano don a duba mata ido sati uku da suka wuce, tana zaune gindin hita cikin rigunan sanyi biyu.

"Ci abincinki," in ji Zubaida.

"Kowa ana rungume shi, Umma. Akwai benci na musamman inda ake zama a jira maki. Wurin sumba da kuka ake ce masa."

Hajiya ta ajiye kofin shayinta. "Wurin me?"

"Sumba da kuka, Hajiya."

"Ikon Allah. Har wuri aka ware musu."

Hidaya 'yar fari ce. Shekararta goma sha huɗu, kuma a tsawon shekarun nan Zubaida ba ta taɓa kiran sunanta a gaban manya ba, balle ta jawo ta jikinta. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Haka aka yi wa Zubaida a gidansu, ba ta mutu ba. Amma ita ce ke tashi da asuba ta raka yarinyar filin ƙanƙara daga unguwarsu ta Woolwich, ita ta ƙara wa rigar wasan hannu da wuya da allurarta, ita ke gasa mata ƙafa da ruwan zafi. A wurinta wannan ya isa magana.

Yau ce gasar matasa masu zamiya a kan ƙanƙara, yara daga ƙasashe goma sha biyu, kuma za a nuna ta kai tsaye a intanet. Kociyar Hidaya na da wata ɗalibar da za ta shiga daf da bayanta, don haka ta roƙi Zubaida ta tari yarinyar a bakin fili, ta zauna da ita a kan bencin. Maharazu, uban yarinyar, yana aiki a gidan rediyo ranar, amma ya riga ya tura wa dangi link. Wato unguwar Gwammaja ta Kano kaf za ta kalla.

A cikin jirgin ƙasa Zubaida ta tsara dabararta. Za ta riƙe jaket, da fulas, da tawul, da murafen kaifin takalmin zamiya, da ledar dabino. Wanda hannuwansa biyu ke cike ba a zarginsa da ƙin runguma.

Ta zaunar da Hajiya a layin gaba, ta lulluɓe mata ƙafa da bargo, ta sauka bakin fili da kayanta. Yarinyar da ke gaban Hidaya 'yar Italiya ce. Tana fitowa uwarta ta cafke ta, ta sumbace ta a goshi, a kumatu, a hanci, ita kuka, 'yar kuka. Duk aka haska a babban allo. Zubaida ta saci kallon Hajiya, ta ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Aka kira sunan Hidaya. Kiɗa ya tashi.

Zubaida ba ta san sunayen tsalle-tsallen nan ba, ba ta kuma son sani. Abin da ta sani shi ne, duk sanda ƙafafun yarinyar suka bar ƙasa numfashinta na tafiya tare da su. Na farko ya sauka lafiya. Na biyu ma. Yarinyar ta yi ta juyi a wuri ɗaya kamar mazari har jama'a suka tafa. A tsalle na ƙarshe ƙafar ta goce, haɓarta ta daki ƙanƙara. Ta miƙe nan take ta ƙarasa wasan, ta rusuna wa alƙalai, ta nufo ƙofa tana murmushi.

Sai Zubaida ta ga jini a haɓar.

Ba ta tuna lokacin da ta yanke shawara ba. Ta dai tsinci kanta a cikin filin, da takalminta na zuwa kasuwa. Taku ɗaya ta yi da mutunci. A na biyu ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, fulas ya tafi nasa yawon, dabino ya watsu har gaban teburin alƙalai. Kafin ta kai ƙasa Hidaya ta iso ta tare ta.

Zubaida ta ƙanƙame ta da hannu biyu, fuskarta a wuyan yarinyar. Wuyan da ɗumi, yana ƙamshin man da ta shafa mata da safe. Ashe har ta kamo ta a tsawo.

"Kada ki sake ni."

"Ba zan sake ki ba, Umma."

"Mu ga haɓar."

"Ƙwarzane ne kawai. Riƙe ni sosai."

Suka fara tafiya, Hidaya na zamiya da baya a hankali, tana jan uwarta. Zubaida ta ɗaga ido ta ga ƙofar na ƙara nisa.

"Ke, ƙofar ga ta can."

"Sai an yi kwana, Umma. A kan ƙanƙara ba a juyawa haka kawai."

"Ɗazu na ga kina juyawa a wuri ɗaya."

"Ɗazu ba na ɗauke da kowa."

Kwanar ta yi faɗi ƙwarai. Ta bi ta gaban alƙalai, ta bi ta gaban layin da Hajiya take, jama'a na tsaye suna tafi, ƙananan yara masu kwashe furannin da 'yan kallo ke jefawa suna tsintar dabino. A babban allo Zubaida ta hango wata mata da ɗankwali a karkace ta rungume 'yarta kamar za a ƙwace mata ita. Ta rufe ido. Ba ta sassauta riƙon ba.

Hidaya ta zo ta tara cikin yara ashirin da ɗaya. A kan bencin Zubaida ta zauna nesa da ita kaɗan, ta danna mata tawul a haɓa tana kallon wani wajen.

A jirgin komawa wayar Zubaida ta yi ta ƙara a cikin jaka, ba wanda ya taɓa ta. Hidaya ta yi barci da filasta a haɓa. Bayan sun wuce tasha uku Hajiya ta juyo ta dubi Zubaida.

"Santsi ne," ta ce, tana gyara bargonta. "Da idona na gani. Duk wanda ya tambaye ni a Kano, santsi ne ya kwashe ki."

"Santsi ne, Hajiya."

"Sai dai santsin ya ɗan daɗe."

Zubaida ta duƙar da kai tana gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

To, mai karatu, bidiyon na nan yana yawo, wataƙila ma ya iso wayarka. Kalli abinka. Amma in ka haɗu da Zubaida a kasuwar Woolwich tana zaɓen doya, ka gaishe ta, ka tambayi mutanen gida, ka wuce. Kada ka kuskura ka ce mata ka ga yadda take son 'yarta.