Idon Mai Gyaran Agogo

Shekara arba'in mai gyaran agogo yana maƙala ɗan gilashin ƙara girma a idonsa na dama. Don haka da goshinsa ya fara zugi a wannan ɓangaren, gilashin ya ɗora wa laifi. Ya wanke shi da sabulu, ya naɗe bakin gilashin da ƙyalle. Kwana uku sai ga ƙuraje masu ruwa sun fito daga gira har cikin gashi, sun tsaya cak a tsakiyar goshi kamar an ja musu layi.

Shi kuwa bawan Allah, sai ya mayar da gilashin idon hagu ya ci gaba da aiki.

Matarsa ce ta kawo masa abinci shago, ta tarar da hularsa a kan tebur.

"Malam, yau kai ne ba hula?"

"Ƙona ni take kamar garwashi."

Ta ɗaga haɓarsa. "Har a kan hanci! Tashi mu je asibiti."

"Agogunan mutane fa?"

"Su dubi rana mana. Ko kana da wani idon a aljihun tebur?"

A asibiti, likita ta haska idon ta daɗe tana dubawa. "Baba, ka taɓa yin ƙarambau?"

"Ƙarambau? 'Yar nan, tun ban yi wayo ba."

"To ita ce. Ƙwayar ba ta barin jiki, kwanciya take a jijiya. In girma ya zo sai ta farka ta bi jijiya ɗaya. Taka ta bi wadda ke zuwa ido, har ta fara taɓa shi."

Mutumin da ba shi da jari sai ido!

"Zan makance?"

"Ban ce ba. Amma kada ka tsallake magani ko sau ɗaya."

Ƙurajen sun bushe cikin sati uku, zugin kam ya yi zamansa. Ko iskar fanka ta shafi girarsa sai ya cije leɓe. Matar tana ɗiga masa magani tana mita.

Ranar da suka koma, aka rufe masa idon hagu aka nuna masa allon haruffa. Ya karanta, ya karanta, ya tsaya saura layi biyu.

"Akwai ɗan hazo a gefe, wataƙila ba zai tafi ba," in ji likita. "Amma idon ya tsira."

Ya so ya yi godiya, sai hawaye suka zubo masa. Matar ta miƙa masa gefen mayafinta.

"Goge a hankali, kada ka ɓata mana aiki."